Tsabar da Abbas Maitama Ya Watsa

Abbas Maitama ɗan Ƙofar Sauri ne, mahaifinsa mai wankin hula. A gidansu shi ne na farko da ya wuce sakandare, ya shiga kwalejin horon malamai a nan cikin Katsina, kuma tun ranar da ya shiga kowa a gidan ya zuba ido ga takardar da zai fito da ita.

A shekararsa ta biyu, soja na kan mulki, ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan ɗalibai har aka yi zanga-zanga. Abbas na cikin waɗanda aka kwashe. Tsarewar ba ta dame shi kamar abin da ya ji a wurin tambaya ba: wani jami'i ya maimaita masa maganar da ya yi a ɗakin da duk abokai ne a ciki, har da inda ya yi tari. Kwaleji ta mayar da shi bisa sharaɗi ɗaya, cewa in aka sake jin sunansa a wani taro da ba a ba da izini ba, kora ce. Daga nan Abbas ya zama mutum mai duba bayansa kafin ya yi magana.

A 1999 soja suka koma bariki. Kwalejin ta fito da sabon tsari: kowane ɗan shekarar ƙarshe a haɗa shi da sabon shiga guda, ya zama uban ɗakinsa, ya nuna masa ofisoshi da laburare, ya gaya masa wane malami ne ke kulle ƙofa in ya shiga aji. Abokinsa Mannir ya sami wani ɗan saurayi mai yawan dariya. Abbas kuwa aka ba shi Sammani.

Sammani ya doshi arba'in. Wandonsa a goge, takalminsa na sheƙi, ba ya zama sai an ce ya zauna. Yana kiran Abbas yallaɓai, alhali ya girme shi nesa ba kusa ba. Bai cika tambaya ba, amma in ana hira kansa a ƙasa yake, kunnensa a wurin.

"Wannan ɗan ɗakin naka ai uban ɗaki ne," in ji Mannir. "Kai, ka taɓa ganin sabon shiga da furfura a gemu? Wallahi kaki kawai ya tuɓe."

"An ce an yi canji," in ji Abbas.

"An canza masu hawa mota. Masu saurare suna nan."

Abbas ya fara lura. Wata safiya ɗan sandan da ke tsaye a kan hanyar kwaleji ya gaishe da Sammani da suna, har da ɗan rusunawa. Wata Asabar Mannir ya gan shi yana shiga wani gida mai maigadi a GRA, ba a ko tsayar da shi ba. Ko mota ce ta wuce, sai Sammani ya bi lambarta da ido. Abbas ya ci gaba da amsa gaisuwarsa, ya nuna masa ofishin rajista, iyakar abin ke nan. Jadawalin darussan 'yan shekarar farko, wanda kowane uban ɗaki ke riƙewa a ka, bai taɓa dubawa ba.

'Yan ƙungiyar ɗalibai na zamanin soja suna da wata dabara da suke kira watsa tsaba. In ana zargin mutum, sai a gaya masa shi kaɗai cewa za a yi taro a wuri kaza, lokaci kaza, alhali ba wani taro. Sai a koma gefe a ga ko motar 'yan sanda za ta zo. Abbas ya san sharaɗin da ke kansa, amma ya ga taron da babu shi ba zai kama kowa ba.

Ranar wata Laraba ya ja Sammani gindin dalbejiya, ya rage murya.

"Gobe da hantsi akwai zama a wani tsohon zaure bayan Ƙofar Durbi, kusa da mai facin taya. Maganar farfaɗo da ƙungiya ce. Kai kaɗai na faɗa wa."

"To, yallaɓai," in ji Sammani.

Washegari Abbas da Mannir suka zauna a bencin mai facin tayar, can cikin rumfa, inda suke ganin zauren ba a ganinsu. Ba motar da ta tsaya. Sai ga Sammani a ƙafa, da littattafansa a hammata. Ya leƙa zauren, ya ga awaki, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙyale shi," in ji Mannir. "Motar tana baya."

Rana ta ɗaga. Inuwar katangar ta janye ta bar shi a fili, bai gusa ba, bai zauna ba. Da aka fara kiran azahar Abbas ya tashi ya tsallaka titi.

"Malam Sammani, mi kake yi a nan?"

"Kai ka ce akwai zama, yallaɓai."

"Ban ce ka zo ba."

"Ba ka ce kada in zo ba. Inda na yi aiki, in maigida ya faɗa maka wuri da lokaci, zuwa kake yi ka jira."

"Ina ka yi aiki?"

"Direba ne ni. Na tuƙa wani babban ma'aikaci shekaru, gidansa na GRA. Da aka yi canjin nan aka yi masa ritaya, aka karɓe motar. Shi ya ce in koma karatu tun da ina da takardar sakandare." Ya share gumi da bayan hannu. "Sai dai tes ɗin Malam Yari ya wuce ni. Yau ne da hantsi."

Duk wanda ya zauna a kwalejin ya san Malam Yari ba ya maimaita tes. Wanda ya rasa, darasin ya faɗi, kuma mai shekarun Sammani, da mata da 'ya'ya, in ya fara da faɗuwa ba lallai ya ga ƙarshen karatun ba.

Da Abbas ya koma rumfar ya gaya masa, Mannir bai girgiza ba. "Direban wa? Ai direba ya fi kowa kunne. Da gangan ya zo shi kaɗai don ka saki jiki." Da ya ga fuskar Abbas sai ya sassauta. "To ya ce wa Malam Yari zazzaɓi ya yi mana. Mi ya yi zafi?"

Da Abbas ya kai wa Sammani shawarar, sai ya ƙi. Ya ce ba zai kira wa kansa ciwon da Allah bai ɗora masa ba.

Abbas ya je ofishin Malam Yari, ya gaishe shi, ya tambayi aiki da iyali da gajiya, sannan ya ce shi ne ya sa ɗan ɗakinsa ya rasa tes. Malam Yari ya dube shi ta saman tabarau.

"Ka aike shi ina?"

"Wani wuri, Malam."

"Wurin ba shi da suna? Ka ga, ni ba na buɗe ƙofar da na rufe da bakin ɗalibi. Ka rubuta dalilin yadda yake, ka sa hannu, in kai wa shugaban sashe. In ba haka ba, ka tafi ka ba ni wuri."

Abbas ya san inda takarda irin wannan ke ƙarewa. Ya yi kwanaki yana juya abin. In Sammani ɗan sandan ciki ne, to wannan ma tarko ne, kuma shi da hannunsa zai rubuta kalmar taro a ƙarƙashin sunansa. In kuwa direba ne kawai, to an tsayar da magidanci a rana an kuma karya masa shekara a banza. Bai sami tabbacin ko ɗaya ba. Ya rubuta, ya kai.

Kwamitin ladabtarwa ya kira shi. Fuskokin da ya sani ne tun shekarar zanga-zangar ruwa, babu wanda ya sauya. Ya ce musu ba a yi taro ba, ba a kuma yi niyyar yi ba. Wani ya ce kiran taro kiran taro ne, ko an zo ko ba a zo ba. Wani ya ce yanzu farar hula ke mulki, kora za ta jawo surutu. Ana cikin haka sai na ƙarshen tebur ya ɗago kai.

"Ku biyu kuka zauna a rumfar mai facin, ko ba haka ba?"

Abbas bai rubuta wannan ba. Bai ambaci rumfa ba, bai ambaci mutum na biyu ba. Sammani ya ga daga inda Abbas ya tsallako. Mai facin ya gan su. Mannir kuma yana wurin. Abbas ya ce, "Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe." Mutumin ya yi murmushi.

Ba a kore shi ba. An riƙe sakamakonsa shekara guda. An ba Sammani tes, ya ci. Ranar da 'yan ajin su Abbas suka sa rigar kammalawa aka yi ta ɗaukar hoto, Abbas yana gida, mahaifiyarsa na amsa maƙwabta da cewa takardar ce ba ta fito ba tukuna. Mannir ya zo da yamma da hotonsa a hannu, Abbas ya yi masa barka a ƙofar gida, suka rabu a nan.

Takardar ta fito a shekarar da ta biyo baya, aka tura shi wata firamare a bayan gari, kuma can ya yi yawancin aikinsa. Sammani ya gama bayansa, ya sami koyarwa a wani ƙauye. Kowace Sallah yakan zo Ƙofar Sauri gaisuwa da goro a leda. Abbas yakan shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa da tuwo, su yi maganar damina da tsadar taki. In Sammani ya tambaye shi yaya hedimasta, yaya malaman makarantarsu, sai Abbas ya ce kowa lafiya lau, ya tura masa kwanon miya.