Yatsa Ɗaya na Mama

Shekara ashirin da shida mahaifiyata ta yi tana wankin kayan mutane a bayan gidanmu: baho uku, igiya biyu, da kujerar tsuguno da ta lotsa a tsakiya. Da wannan wanki ta kai mu makaranta, mu huɗu. Sabulu da bilic suka cinye hannayenta, fatar ta bushe ta yi kaushi, gaɓoɓin yatsun duk suka tsattsage. In ta shafa maka baya sai ka ji kamar soso. Muna yara mukan tsokane ta mu ce ta zo ta kankare mana tukunya da tafinta, ita kuma ta bi mu da tsumma tana dariya.

Ba wai ba ta san magani ba. Kwalbar basilin tana nan kan taga tun ina ƙarama. Amma mai wanki ba ta shafa mai, domin ko ɗigo ya taɓa farar riga sai ya bar tabo, mai kaya kuma ba zai dawo ba. Kafin a gama guga da ninki, gajiya ta ci ƙarfinta, kwalbar ko kallo ba ta samu.

Da na haifi 'yata ta fari, Mama ta zo da murnarta ta ɗauke ta, ta shafa mata kumatu. Yarinya ta tsala ihu. Na duba, sai ga ɗan jan layi a fuskar. Wallahi ban san lokacin da na fizge ta ba.

"Mama, hannunki fa!" Abin da ya fito daga bakina ke nan, a gaban surukata da maƙwabta.

Ta cusa hannayen cikin mayafi, ta yi addu'a, ta ce tana da shanya a waje. Ni kuwa, da baƙin girman kaina, na ce ai gaskiya na faɗa. Tun daga ranar, kullum takan leƙo, ta tsaya daga bakin gado tana yi wa jikarta wasa da baki, hannu a baya. In na miƙa mata yarinyar sai ta ce kayanta a jiƙe suke. Abin ya riƙa ci na, amma na kasa buɗe baki in ba ta haƙuri.

Yayata ce ta ba ni labarin abin da ke faruwa. Mama ta je wajen mai kemis, ya ce mata basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, riƙe shi yake yi, don haka ta shafa tun hannun yana da danshi, kuma ta bar wanki na mako uku. Ta yi masa dariya, ta tambaye shi wa zai ciyar da ita. Da ta dawo gida ta yi nata lissafin: hannu biyu ba za su samu hutu ba, amma yatsa ɗaya zai iya. Ta zaɓi ƙaramin yatsan dama. Kowace safiya ta jiƙa shi, ta lafta masa mai, ta naɗe da leda ta ɗaure da zare, sannan ta yi wankinta da sauran yatsu tara, shi kuma yana miƙe a sama. Wankin ya ƙara mata awa biyu, wuyan hannun ya kumbura, mutum biyu suka kwashe kayansu saboda jinkiri. Yaya ta yi faɗa har ta gaji.

Bayan wata guda Mama ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin gado, ta kwance zaren a hankali. Yatsan ya yi laushi, yana sheƙi a tsakanin 'yan'uwansa masu tsaga. Ta goga shi a kumatunta tukuna ta gwada, sannan ta kai shi fuskar yarinyar. Yarinya ta damƙe shi tana neman kai shi baki.

Kuka ya ƙwace mini. Na ce don Allah ta yafe mini, ta ɗauki jikarta da hannu biyu, in ya karce ta ya karce.

Mama ba ta ɗago ba. Sauran yatsun tana dunƙule da su cikin tafinta.

"Bar ni da wannan, Auta," ta ce. "Shi kaɗai na yarda da shi."