Fentin Mai Rediyo

Dillali ya shiga shagon Mai Rediyo da sabuwar farar riga da baki har kunne. Ya jingina da wani abu da ke kan kanta zai fara zuba, da ya ɗago sai ga hannun riga ya koma shuɗi har gwiwa.

"Wane mara tsoron Allah ne ya shafa fenti a nan?"

"Mai shagon," in ji Mai Rediyo. "Ka ɗaga min daga kan kaya."

Taubasai ne, ba a shiga tsakaninsu. Amma da Dillali ya dubi abin da ya jingina da shi, sai ya bar wasan.

Rikoda ce, irin ta da, mai manyan faya-fayai biyu da zaren sauti ke zagayawa daga wannan zuwa wancan. Da gyaran irinsu Mai Rediyo ya buɗe ido, da su ya yi aure, ya aurar da ƙannensa. Da kaset ya shigo, mutane suka riƙa jibge masa su, ba mai dawowa karɓa. Shi kuwa ba ya iya ganin abu yana zaman banza. Ya zare injinansu ya haɗa fanka, akwatunan ya ba matarsa ta sa kaji. Guda ɗaya ta tsira, don ta yi nauyin saukowa daga saman kabad.

Yanzu ga yanar ido ta rufe masa gani, sukudireba ma da laluben yatsa yake sa ta a kan noti. Likita ya ce sai aiki. Ana cikin haka Dillali ya samo wani mai tara tsofaffin kaya, ya nuna masa hoton rikodar da ƙurarta da komai. Mutumin ya yi tayin da zai biya aikin idon har a yi ragi.

Sai dai Mai Rediyo bai taɓa miƙa wa mutum kaya da datti ba. Ya kankare katakon, ya yaɓa masa fenti, ya cire maɓallan da suka yi ja ya sa na roba masu sheƙi. Har rubutun kamfanin da ke goshinta ya bi da buroshi, don bai gan shi ba.

Mai sayen ya iso, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gefenta da farce.

"Baba, ina maɓallanta na asali?"

"Suna bola. Ai sun tsufa, ɗana."

"Tsufan na zo saya," in ji shi a hankali. Ya yi godiya, ya sa kai.

Mai Rediyo ya kunna rikodar, faya-fayan suka kama juyi sumul, ko ƙara babu. Ya kai fuskarsa dab da su, yana ƙoƙarin gani.

Dillali ba ya iya shiru, ko a gidan makoki.

"Yaya, kai da gyaran gangar auzinawa! Tsohuwa na zamanta lafiya da darajarta, ka yi mata kwalliyar amarya."

Mai Rediyo bai juyo ba.

"Tun ina saurayi kuke kawo min tsoho ku ce in mai da shi sabo. Yau ka san tsufa na da kuɗi? To ga ni zaune, ban taɓa jin ka yi tallata ba."