Wankan da Na Yi wa Jikata a Treichville

Ni ban yi boko ba. Abin da na iya shi ne wankan gawa. Shekara da shekaru, duk macen da ta rasu a gidajenmu na unguwar Bracodi da ke Adjamé, ni ake aikowa a kira, in ɗauki kafur da ganyen magarya in tafi. Har mata suka ɗora mini abin da ban ce ina da shi ba, wai in na taɓa ƙafar majinyaci na san ko zai tashi. Gaibu sai Allah. Amma hannu yana da nasa sanin, wannan kam ba zan musa ba.

Jikata tana da shekara bakwai lokacin da woro-woro, ƙaramar motar hayar nan, ta buge ta a unguwar Roxy da hantsi, kanta ya daki bakin kwalta. Ubanta, ɗana, mahauci ne. Da jinin shanu a rigarsa ya sungume ta, har ba a rarrabe wanne ne nata. Aka haye gada da ita zuwa asibiti a Treichville.

Nan ta kwanta, rai kwakwai mutu kwakwai. An aske kitson da na yi mata. Kullum da safe wata likita takan zo ta ɗaga mata fatar ido ta haska, ta kira ta, ta danna mata farce da biro, sannan ta rubuta lamba a takarda. Yarinya ko gezau.

Na ce wa ɗana ya tambaye ta da Faransanci ko za ta tashi.

Likitar ta dube ni, ɗana yana fassara mini, ta ce, "Maman, ido muke dubawa, da murya, da motsi. Amma yara sukan ƙaryata lambarmu. Abin da nake jira shi ne hannunta ya nemi abin da ke damunta ya ture."

Da ta fita, matar ɗana ta durƙusa gabana. "Inna, don girman Allah kada ki taɓa mata ƙafa."

"Ke ma kin yarda da zancen matan unguwa?"

"Ban sani ba, Inna. Amma in kika sani, fuskarki za ta gaya mini."

Sai na naɗe hannuwana cikin mayafi. Kwana takwas ina zaune haka. Labarina ya zaga ɗakin. In na tashi zan je alwala, uwaye sai su ja zane su rufe ƙafafun 'ya'yansu.

Rana ta tara uwar ta koma gida Adjamé don ta shayar da jaririnta. Da azahar ma'aikaciyar jinya ta dire mini roba da ruwa da tsumma, ta ce da Julanci, yaren kasuwar garin nan, "Tsohuwa, goge mata jiki," ta wuce. Ba kowa na gida sai ni.

To, ku ji abin da hannu ya yi. Na lulluɓe ta daga ƙirji zuwa gwiwa. Na wanke mata tafuka sau uku. Na naɗe yatsa da tsumma na goge leɓɓa, na goge hanci, na shafe fuska. Na faro ta gefen dama. Bakina kuwa yana cewa a hankali, "Yi haƙuri, baiwar Allah, yanzu za mu gama."

Sai na ji muryata. Wannan maganar ban taɓa faɗa wa mai rai ba.

Rana tsaka, fanka na juyawa, amma sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Na ƙame, jiƙaƙƙen tsumman yana bayan kunnenta, ruwa na gangara mata cikin wuya. Ina cewa a raina, shi ke nan, hannuna ya riga ni sani.

Sai hannunta na dama ya ɗago. Ya yi lalube a iska, ya sami wuyan hannuna, ya ture.

Duk waɗanda na wanke a rayuwata, babu wadda ta taɓa ture ni.

Na kwarma salati. Likita ta zo ta gwada, hannun ya sake zuwa. Ta rubuta sabuwar lamba ta nuna mini, ni da ban iya karatu ba. Ta sa aka gaya mini ba alkawari ba ne, amma wannan take jira.

Da uwar ta dawo ta ga ruwa a roba, sai ta dafe bango. "Inna, kin taɓa ƙafar?"

"Ban kai can ba. Ita ta hana ni."

Yarinya ta buɗe ido bayan kwanaki. Yau tana jan ƙafar hagu, magana kan yi mata nauyi, ga saurin fushi da ba ta da shi a da. Likita ta ce sauran sai shekaru sun nuna. Wankan gawar da na faro mata ranar nan kuwa ban gaya wa kowa ba.

Bara aka aiko kirana wani wanka. Ina ɗaure kafur a bakin mayafi, sai jikar tawa ta tsaya a ƙofa ta zuba mini ido.

"Kaka, ba ki gama mini nawa ba."

Na ce, "Ƙawata, ba ni zan gama ba. Ke za ki yi mini nawa."

Ta ce, "To, da ruwan ɗumi zan yi miki."