Mutumin da Ke Tambayar Saura Nawa

A ranar Juma'ar da ta wuce aka kammala haɗa na'urori dubu goma sha biyu masu auna sanyin firijin rigakafi da rumbun bayanai na intanet, wanda masu aikin ke kira gajimare. An yi taro a benen kamfanin, an tafa, an ɗauki hoto. Mutumin da ya bi sawun na'urorin tsawon shekara shida ba ya cikin hoton. Yana ƙasa, a ɗakinsa na kusa da sito, waya a kunne. A wannan watan yake ritaya.

Saura Nawa ake kiransa, domin da wannan tambayar yake buɗe aiki, da ita yake rufewa. Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa. Ɗakin babu taga. Tebur ɗaya ne, kujeru biyu, ɗayar kwalaye ne ke zaune a kanta. Yakan ɗora fayil mai ɗauke da na'ura dubu biyu a lokaci guda, kowane layi da lambar na'ura, da makullinta na sirri, da sunan asibitin da aka kafa ta. Daga nan sai jira. Allon kwamfuta na nuna nawa suka shiga, nawa ke layi, nawa aka ƙi karɓa. Idan rahoto ya ce casa'in da tara cikin ɗari, na bene sun gamsu. Shi kuwa ragowar yake bugawa a takarda, ya bi su da jan biro.

Da azahar 'yarsa takan kira shi. Tun rasuwar mahaifiyarta, ita kaɗai ke kiran wayarsa ba don aiki ba.

"Baba, ka ci abinci, ko kana nan kana kallon talabijin ɗinka da ba ya magana?"

"Yana magana. Ke ce ba kya jin yaren."

"To ka ce masa in ji ni ya sake ka, ka sha ko da shayi ne."

Abin da ya bambanta shi da wasu shi ne bai yarda da kore ba. Na'ura na iya shiga gajimare lafiya, layinta ya yi kore, alhali an rubuta ta da sunan wani asibitin daban. Ya gano dalili tun a shekararsa ta farko. 'Yan sito kan gwada na'urori su mayar da su kowane kwalin da hannu ya kai. Masu kafawa kuma, da zarar sun ɗaure na'ura a bayan firiji, ba sa son sake janyo shi, sai su kwafi lambar da ke jikin kwali. Don haka ya ƙirƙiro nasa gwajin. Yakan kira asibiti, ya roƙi wanda ke aiki ya riƙe bakin ma'aunin a tafin hannu na minti ɗaya. Ɗumin hannun zai ɗaga lamba a allonsa. Idan layin asibitin ne ya motsa, sai ya sa alama.

Wata nas da ke aiki a ƙaramin asibiti ta ba da labarin nata kiran, wanda aka yi bara. Kwana uku wayarta na ƙarar gargaɗi cewa firijinta ya yi zafi, ita kuma tana dubawa tana ganin sanyi ƙalau. Sai ga kiransa.

"Baba, mata ashirin ne a layi, ka ce in tsaya riƙon bakin ma'auni kamar mai lallashin jariri?"

"Minti ɗaya, 'yata."

"Na riƙe. Ya motsa?"

"Ya motsa, amma ba a wajenki ba."

Layin wani asibiti ne ya ɗaga, mai nisan tafiyar awa huɗu. Ashe an musanya na'urorin biyu. Firijin can ne ke mutuwa a hankali, gargaɗinsa yana zuwa wayar da ba tasa ba. Kafin la'asar an kwashe alluran rigakafi ɗari huɗu zuwa wani firijin, jami'in da ya duba su ya ce da an ƙara kwana ɗaya da sai zubarwa. Bayan wata biyu nas ɗin ta zo kamfanin yin godiya. A baranda ta wuce shi yana ɗauke da kwali, ta tambaye shi ofishin injiniyan da ya kira ta. Ya nuna mata bene.

Saura Nawa, kai ne wanda ɗaruruwan ma'aikatan lafiya suka san muryarsa ba su san fuskarsa ba. Kai ne ka zauna shekara shida a ɗakin da ba a ƙwanƙwasawa sai an zo neman tsani. Yaran da aka yi wa allura mai rai saboda kiranka ba za su ji labarinka ba, iyayensu ma haka. Mun gode, mai jan biro. Allah ya ba ka hutu mai albarka. Ga duk wanda aikinsa ke ƙarewa da rahoto, hanyar a bayyane take: kafin a sa hannu, a tambayi ragowar.

Da aka tambayi manajan sashen ko wa zai ci gaba da kiran asibitocin, ya ce akwai sabuwar manhaja da ke fitar da rahoto da kanta, kuma ana duba lamarin. A rukunin ƙarshe, na'urori ɗari biyu da goma sha huɗu sun yi kore amma ba a riƙe su a hannu ba tukuna. Saura Nawa yakan gama gwada kamar talatin a yini, idan an ɗauki waya. Ranar Litinin za a rufe masa damar shiga gajimaren.