Irmiya Mai Famfo da Ruwan Kukar Ɗan'auta

Munzali ɓarawon ruwa ne, kuma da rana tsaka ya yi satarsa. Kwana biyu bayan an faɗi sakamakon zaɓe, ya zo da 'yan jagaliya huɗu ya kwance kan famfon tuƙa-tuƙa na Unguwar Yamma a Kukar Ɗan'auta, wani ƙauye da ke tsakanin Sara da Gwaram, ya saki bututu da rodi suka faɗa ƙasan rijiyar burtsatse. Laifin mutanen Yamma shi ne sun dangwala wa ɗan takarar da ba nasa ba. Ya ce tunda sun iya zaɓe, su je wanda suka zaɓa ya shayar da su. Mata na tsaye da bokitai suna kallo, maza suka sunkuyar da kai.

Ba don Munzali aka ɗauki alƙalami ba. Don mutumin da ya ciro abin da ya jefa aka ɗauka, wato Malam Irmiya mai gyaran famfo, wanda ciwon baya ya sa zai ajiye aiki bana, bayan shekara talatin da ɗaya.

Kullum kafin gari ya waye sarai Irmiya yakan durƙusa gefen tabarmarsa ya yi addu'a, yana ambaton ƙauyukan da zai je ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗaure buhun sifana a bayan tsohon babur ɗinsa, hantsi ya yi masa a Yalwan Damai ko wata ruga bayan Birnin Kudu. In ya isa ba ya tambayar kowa abin da ya faru. Yakan kara kunne a jikin famfo, ya tuƙa sau uku, ya ce roba ce ta cinye, ko sarƙa ce ta tsinke. Ruwan farko da ya fito bayan gyara kuwa ba ya sha, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a wurin yake miƙa wa.

Kada wani ya ɗauka haka aka haife shi. A gidan Kirista ya tashi, amma da bakinsa yakan ce a da sai ranar Kirsimeti coci ke ganinsa, shi ma don shinkafa. Sai aka yi wani rikicin zaɓe a Kukar Ɗan'auta shekarun baya, aka ƙone rumfarsa, aka cinna wa cocinsu wuta, aka tare ƙanensa Filibus a hanya aka kashe shi. 'Yan uwansa suka kwashe kaya suka bar garin. Shi ma ya ɗaure nasa. Yana tsugune yana tono sifanoninsa daga cikin toka, sai ga wata Musulma maƙwabciyarsu daga Unguwar Gabas, Inna A'i, da tulu a ka, babu ko ɗigo a ciki.

"Irmiya, sannu da wannan masifa. Allah ya isar maka," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Famfo kuma ya tsaya tun shekaranjiya. Kunyar faɗa maka nake ji."

Irmiya ya ci gaba da tonon tokarsa. Ranar Lahadi ya tafi cocin da ba rufi, ya tarar da mutum goma sha ɗaya a cikin rana. Dattijon da ya yi wa'azi ya ce Yesu Almasihu bai bar wa mabiyansa ƙofar ramuwa ba, ko maƙiyinka ne ƙishi ya kama, ruwa za ka ba shi. Irmiya ya ce maganar ta ba shi haushi ƙwarai, ya kwana biyu yana faɗa da ita a ransa. Rana ta uku ya kwance kayansa ya je ya gyara famfon. Shi dai a wurinsa, ran nan ya zama Kirista.

Wannan Inna A'i ita ta haifi Munzali, shi ne ɗanta na fari.

Da Munzali ya kashe famfon Yamma, gadararsa ita ce unguwarsu ta Gabas tana da rijiyar guga. Ya manta cewa kowace bazara rijiyar nan ƙafewa take yi, kowa ya koma famfo. Cikin mako uku guga ya fara fitowa da laka. Gari duka ya koma shan ruwan kududdufin da shanu ke shiga, yara suka fara gudawa. Duk da haka ba wanda ya kai ƙara. Dagaci ya ce a kawo masa shaida ɗaya, aka rasa.

Irmiya ba ya gari a lokacin. Da labari ya kai masa sai ya zo da wata doguwar ƙugiya da ya ƙera da hannunsa, irin ta ciro guga amma siririya, wadda za ta shiga bakin burtsatse. Munzali ya tare shi a gindin famfo.

"Tsoho, wa ya aiko ka? Ko ka shiga jam'iyyarsu ne?"

"Jam'iyyar masu ƙishi nake, ɗan A'i. Kai ma na ga leɓenka ya bushe."

"Ka manta rumfarka? Ashana ba ta ƙare a kasuwa ba fa."

"Ban manta ba. Kun ƙone rumfa, sifana ta ƙi ci. Matsa min, kana tare min haske."

Wuni biyu yana lalube da ƙugiya kafin ta kama bakin bututu. A nan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Bututu goma sha biyu ne a haɗe, a jawo ɗaya, a riƙe, a kwance, a jawo na bayansa. In hannu ya saki, duka su koma ƙasa, wataƙila har abada. Sai da maza takwas, samarin Yamma kuwa yawancinsu sun tafi ci-rani, huɗu kawai aka samu. Irmiya ya je ya tsaya nesa kaɗan da ƙofar masallacin Gabas har aka idar da azahar.

"Jama'a, hannu huɗu nake nema. Ban tambayi inda kuka dangwala ba."

Kowa ya kalli Munzali, ba wanda ya motsa. Sai Inna A'i ta fito daga zaure, ta ɗaure zanenta tamau, ta ce, "Tunda mazan sun ƙare, mu je Irmiya, ni zan riƙe."

Kunya ta kama maza, mutum shida suka bi bayanta. Aka jeru, na Gabas da na Yamma kafaɗa da kafaɗa, Irmiya na tsawa, "Ja! Riƙe! Kai mai jar hula, in ka saki, da kai da abokin gabarka laka za ku sha!" A bututu na tara bayan Irmiya ya riƙe, ya durƙusa a kan gwiwa, bai saki ba. Da bututun suka fito duka aka mayar da su, aka ɗaure kan famfo, kafin la'asar sakaliya ruwa ya zubo. Ya tara a kwano ya miƙa wa Inna A'i.

Malam Irmiya, kai ne gatari mai saran ƙishi. Kai ne aka kashe wa ƙane, ka shayar da garin da ya yi shiru ranar da aka kashe shi. An so ka gudu ka ƙi, an so ka rama ka ƙi. Masu hawa mumbari da masu hawa motar kamfen sun yi ta raba mu, kai kana bi kana ɗaure noti. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan. Ku kuma matasa, Musulmi da Kirista, masu ɗaukar gora saboda ɗan takarar da bai san sunanku ba, ku je ku karɓi sifana a hannun tsohon nan tun yana iya nuna muku.

Washegarin ranar da ruwa ya dawo, dagaci ya sake neman shaida. Inna A'i, wadda saboda alkunyar ɗan fari ba a taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba tun ranar da aka raɗa masa, ta miƙe a gaban jama'a ta ce, "Munzali ne. A kan idona ya yi."

Ɗan takarar Munzali ya ce bai san shi ba. Dagaci ya yanke cewa Munzali zai tuƙa wa matan Yamma famfo kullum, daga fitowar rana zuwa azahar, har damina ta sauka. Yau kwanansa arba'in yana tuƙi, hannunsa duk kanta, kuma sai kowa ya cika tulunsa yake sha.