Hannun Hamdiya a Kan Murfin Kula

A Gazawa in ka ce Labo mai kuloli ba sai ka ƙara komai ba. Dogo ne, siriri, ba ya son ciniki mai tsawo, kuma yana da wani taurin kai guda da ya hana shi yin arziki da wuri: ba ya taɓa jabu. Kular abinci iri ɗaya yake sayarwa, mai tambarin barewa, wadda yake sarowa a hannun babban dilan kamfanin a Katsina, ya ɗauro bayan babur har gida. In mai saye ya ce ai ga irinta can da araha, sai Labo ya ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa, ya ce, "Ji wagga, ka tahi ka ji waccan." Daga nan ya kama bakinsa.

Da wannan halin ya yi shekaru yana bin kasuwanni, Cadawa yau, wani ƙauye gobe, rana na dukansa, cinikin kuma ba yabo ba fallasa. Sai da ya auri Hamdiya abin ya canza. Ita ta ɗan yi lakol, wato makarantar boko, kuma ita ta buɗe masa shafi a intanet, tana yi masa tsiya cewa mai kaya irin nasa da baki irin nasa yunwa za ta kashe shi.

Dabararta mai sauƙi ce. Da safe ta tuƙa tuwo ta zuba a kula, ta rufe a gaban waya. Bayan la'asar ta sake kunna wayar, ta buɗe murfin, tururi ya taso. Sai ta ce, "Kun gani da idonku, tun sahe ya ke nan," ta yi wata 'yar dariya a ƙasan maƙoshi, kamar wadda ta ci gardama. Fuskarta kuwa ba ta taɓa yarda ta fito ba. Ko a biki in aka ɗaga waya sai ta ja mayafi. Hannayenta kawai ake gani, da lalle, da tabon ƙuna a babban yatsa, sai muryar. Iyayen amare daga Maraɗi har Sae Sabuwa suka riƙa kira, suna cewa a aiko musu irin ta mai dariya.

Hamdiya ta rasu wajen haihuwa ta biyu, a mota, kafin a kai Maraɗi. Jaririn ma bai zo da rai ba. Ta bar ɗiya guda, Ummukulsum, wadda a lokacin ko lakol ba ta isa shiga ba. Da aka zo rabon gado wayarta ta faɗa a kason wanta, shi kuma ya sa aka goge ta, ya sayar. Labo bai hana ba, don a ganinsa komai yana nan a shafin. Kuma yana nan ɗin. Kullum in ya dawo kasuwa, yarinyar za ta hau cinyarsa ta ce, "Baba, kunna mini Inna." Ya kunna. Ta sa ɗan yatsanta a kan tabon ƙunar, ta jira dariyar, ta yi tata. Ba su da hoton Hamdiya ko ɗaya a duniya, wannan ne kawai.

To, ciniki ba ya zaman makoki. Sababbin kuloli suka fito, masu saye suna tambayar hoto. Labo ya gwada ɗauka da kansa, abin bai yi kyau ba. Bai iya sa hannun wata mace a inda hannun Hamdiya ya saba zama ba. Sai ya ga bidiyon talla da kamfanin ya yi, mai kyau, da kiɗa, ya kwafo ya saka. Ya kwafo hotunansu ma, ya kuma ɗora tambarin barewar a goshin shafin, don kowa ya san nan ba a sayar da jabu. A zuciyarsa alheri yake yi musu: yana yi musu talla kyauta.

Saƙonni suka fara shigowa da Faransanci, dogaye, da ƙananan baƙaƙe. Mai karanta masa irinsu tana kabari. Ya ɗauka tallace-tallacen da ake turo wa kowa ne, ya riƙa turewa da yatsa. Wata rana da hantsi ya buɗe wayar, ba shafi.

Ya nufi wurin Mushe Abdurrahaman, malamin lakol ɗin unguwarsu, wanda ya daɗe yana karantawa kafin ya ɗago.

"Malam Labo, kamfanin ne ya kai ƙara. An rufe."

"Mushe, kayansu na ka saidawa hwa. Na asali. Ban taɓa cutar kowa ba."

"Ba su ce jabu ne ba. Kular da ka saya taka ce, ka saida ta inda ka so. Amma hotunan da bidiyon nasu ne, kuma tambarin da ka sa ya nuna kamar kai ne wakilinsu. Sun yi ta gargaɗi, ba ka cire ba."

"To su ɗauke nasu. Su bar mini nawa. Muryar matata hwa, ita ma tasu ce?"

Mushe ya jawo wayar gabansa. Ya rubuta musu roƙo, ya sake rubutawa. Amsar da ta dawo ba ta mutum ba ce, kalmomi iri ɗaya kowane lokaci. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, masu jabun barewar suna nan suna cin kasuwarsu a rumfunan Cadawa, ba wanda ya san da su balle ya rufe su.

Labo ya bi tsofaffin masu sayensa ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ta ajiye bidiyon. Wata hajiya a Maraɗi ta ce ta taɓa ajiyewa, amma wayar ta cika, jikanta ya share. Ta ba shi haƙuri, ta tambayi kuɗin kula babba.

Har yau yana sana'arsa, a kan babur kamar da, kuma har yau ba ya taɓa jabu. Sai dai ya daina ƙwanƙwasa murfi. Kwanakin farko bayan rufe shafin ya yi ta ce wa Ummukulsum babu rezo, wayar ba ta kamawa, har ƙaryar ta ishe shi. Ranar nan ya roƙi tuwo a gidan yayarsa, ya zuba a kular Hamdiya tun da safe. Bayan la'asar ya zaunar da yarinyar a tabarma, ya buɗe murfin, tururi ya taso.

"Kun gani da idonku," ya ce, "tun sahe ya ke nan."

Ta zuba wa bakinsa ido, tana jira.

"Baba, saura dariyar."

Ya buɗe baki, ya nemi yadda take, ya rasa ta inda take farawa. Ya mayar da murfin a hankali, ya ce mata ta je ta wanko hannu.