Ranar da Mai Mudu Biyu ya zo ofishinmu

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin nan. Ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gidan rediyonmu a Kazaure, na gaida maigadi, ya kau da kai. Sai na lura da wasu samari zaune a kan mashinansu a gindin darbejiya. Ɗaya ya nuna ni da baki, ya ce, "Ita ce."

Ga sababbin zuwa, bari in bayyana aikin. Bayan na gama sakandare aka ɗauke ni mataimakiya a shirin Asabar, inda ake ɗauko tsohon fim, ko littafi, ko katun ɗin da muka kalla muna yara, a faɗi kyansa da rauninsa. Ƙa'ida ita ce a rubuta sharhi, shugaban sashe Malam Sabo ya duba ya sa hannu, sannan a karanta. A makon nan mai gabatarwa ba ta da lafiya, aka ce in riƙe.

Na zaɓi wani fim na zamanin kaset da 'yan wasan yankinmu suka yi. Mugun cikinsa dillalin hatsi ne, ana ce masa Mai Mudu Biyu: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Na ce labarin ya ja, sautin kuma kamar a cikin randa, amma wanda ya fito a dillalin, Ilu, ya iya cuta kamar da ita aka haife shi, idonsa kaɗai ma tsoro yake ba mutum. Yabo nake nufi. Malam Sabo ma haka ya fahimce shi, ya sa hannu, na karanta a shirin.

Ashe Alhaji Ilu yana raye, kuma hatsi yake sayarwa a kasuwar Roni. Bayan shirin, yara suka farfaɗo da sunan Mai Mudu Biyu, mata suka fara zuwa rumfarsa da nasu mudun. Samarin nan 'ya'yansa ne.

Malam Sabo ya tura ni ɗakin ajiyar kaset. "Hauwa, kada ki fito, kada ki leƙa." Ina jin babban ɗan yana cewa ba inda za su sai an miƙo ni, su san gidan da ya haife ni.

Bayan la'asar aka buɗe ƙofa. Wani tsoho ne siriri da carbi a hannu, Malam Sabo na bayansa. Na durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Tashi, 'yata. Ke ce kika ce idona ke ba da tsoro?"

"Ni ce, Baba."

"To, ba ki kalla da kyau ba. Babban yatsa ne. Koma ki duba inda nake danna shi cikin mudu. A wajen wani mutumin Babura na koyo, na daɗe ina zama kusa da shi." Ya ɗan murmusa. "Da fim ɗin ya fito, surukata ta daina cin tuwon gidana. Ba wanda ya taɓa ce mini na iya, sai ke. Amma kin karya mini kasuwa."

Malam Sabo ya ce ranar Asabar za a ba Alhaji rabin shirin, ya yi bayani da bakinsa.

"Da muduna zan zo," in ji tsohon, "a auna a gaban kowa."

"Ai rediyo ce, Alhaji, ba a gani."

"A ji ƙarar geron mana."

Abin da na koya shi ne, a wajenmu mutane ba sa raba ɗan wasa da rigar da ya sa. Fim yakan tsufa, amma masu shi suna nan cikin kasuwa suna neman abinci. Yanzu kafin in rubuta sharhi, sai na tambaya: yana ina, me yake yi?

Da zai fita ya juyo. "Yaran sun wuce gida, na kore su. Ɗauki jakarki, ba mai taɓa ki."

Na ɗauki jakata na fita, na wuce gindin darbejiyar nan, na ga ba kowa.